Surukata ta ce ruwan firjina ne ya kwantar da ɗanta

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Agege, 'ya'yanmu uku, ƙaramin watansa huɗu. Maigidana mahauci ne, shekarunsa 41, kullum kafin assalatu ya kama hanyar kwata. Wajen sati uku ke nan ya yi mura, bai ko kwanta ba, ya ci gaba da fita cikin ruwan saman nan. Bayan kamar sati ɗaya, cikin dare, sai rawar ɗari ta kama shi har gadon na motsi, jikinsa zafi rau. Muka ce maleriya ce, muka sayo magani a kemis. Kwana biyu sai ga tari, kakin da yake fitarwa launin tsatsa, in ya ja numfashi sai ya dafe haƙarƙarin dama ya ce kamar ana soka masa wuƙa. Da muka je asibiti aka ɗauki hoton ƙirji, likita ya nuna mana ƙasan huhunsa na dama ya yi fari fat, ya ce nimoniya ce mai kama sashe guda. Kwanansa biyar aka sallamo shi da sauran ƙwayoyin da zai ƙarasa a gida.

To Hajiya, mahaifiyarsa, ta zo daga gida. Tun da ta ga firji da fanka a ɗakinmu ta ce ni na tara masa sanyi a ƙirji da ruwan ƙanƙara, kuma a gaban ƙannensa ta faɗa. Yau kwana biyu ta hana shi shan ƙwayoyin, wai maganin asibiti danne ciwo yake yi, ba ya fitar da sanyi. Tana neman wanzami ya yi masa ƙaho, daga nan ta tafi da shi Arewa. Shi kuma da zazzaɓi ya sauka ya ce ya warke, Litinin zai koma kwata don kuɗi sun ƙare. Abin da Hajiya ba ta sani ba, ɗan nata ya daɗe yana shan taba a ɓoye. Zuciyata na raya mini in faɗa mata in wanke kaina. Anti, da gaske ruwan sanyin ne? Huhun nasa zai koma daidai? Jaririna fa, zai ɗauka? A sakaya sunana.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da jinya, Allah ya ƙara wa maigida sauƙi, ke kuma ya ba ki ladan ɗawainiya.

Kafin komai, maganar ƙwayoyin nan ba ta jiran Litinin. Tunda ya yi kwana biyu bai sha ba, yau ko gobe da safe ku koma asibitin da aka kwantar da shi, da takardar sallama da ragowar maganin a leda, ku gaya wa likita gaskiyar kwanakin da aka tsallake. Shi zai ce a ɗora daga inda aka tsaya ko a sake lale. Kada ki ninka masa don rama abin da ya wuce, kada kuma a koma kemis a haɗo wani.

Sai tambayarki ta farko: ruwan firjinki bai sa masa wannan ciwo ba. Ruwa hanyar abinci yake bi ya faɗa tumbi, huhu kuwa ta hanyar iska ake isa gare shi, shi ya sa in ɗigo ɗaya ya ɓata hanya sai mutum ya ƙware ya yi ta tari. Da ruwan sanyi na kawo nimoniya, da ba a bar mai lafiya ko ɗaya tsakanin Agege da Oshodi ba, garin da kowa ke tsotsar ruwan leda mai ƙanƙara cikin cunkoson motoci. Fanka ma haka.

Mai laifin ƙwayar bakteriya ce, kuma a irin wannan nimoniya mai cinye sashe guda, wadda ta fi yin aika-aikar ita ce ake kira nimokokus. Tun 1881 aka gano ta, Louis Pasteur a Faransa da George Sternberg a Amurka, kowa a gefensa. Abin da zai ba ki mamaki, ba baƙuwa ba ce. Tana zaune lafiya lau a bayan hanci da maƙogwaron mutane da yawa, musamman yara, ba ta yi musu komai. Tana da wata riga mai santsi kamar yauƙin kuɓewa, wadda ke sa dakarun jini su kasa damƙe ta da sauƙi. Duk da haka ba ta cika samun sauka ƙasa ba, domin hanyar iskarmu shimfiɗe take da wasu 'yan gasu ƙanana da ido ba ya gani, dare da rana suna share majina da datti suna turo su sama, tari kuma ya ƙarasa aikin. To sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mura mai ƙarfi takan kwashe waɗannan gasu na 'yan kwanaki. Hayaƙin taba yana kashe musu jiki shekara da shekaru. Hayaƙin babbaka a kwata, da na janareto a bakin taga, da rashin barci, duk suna ƙara tsagar. Ki duba labarin da kika ba ni da kanki: mura, rashin hutu, sati ɗaya, sai rawar ɗari. Haka ciwon nan ya saba shigowa.

A nan ne zan ɗan kare Hajiya. Da iyayenmu suka raɗa wa cutar suna sanyin haƙarƙari, ba daga sama suka tsinto ba. Sun ga tana yawaita lokacin hunturu da tsakiyar damina, sun ga tana farawa da rawar ɗari. Abin da suka gani daidai ne. Lokacin ne mura ke yawo, mutane ke cunkushewa a ɗaki a rufe tagogi, ƙurar hunturu ke busar da hanci. Fassarar ce kawai ta kauce, aka bar ƙwayar cutar aka kama ruwan randa.

Yanzu ga abin da ya faru a cikin ƙirjin nasa, kuma kin yi sa'a mijinki mahauci ne, domin ya fi ɗalibin likita na shekarar farko sanin abin da zan faɗa. Ki tambaye shi bambancin huhun saniya da hantarta a hannu. Zai ce miki huhu sakayau ne kamar soso, in ka matsa ya lotsa ya dawo, in ka jefa a ruwa ya taso. Hanta kuwa curi ce mai nauyi, nutsewa take. Huhun ɗan Adam na dama sassa uku ne, na hagu biyu, kowane sashe da tantanin da ya raba shi da maƙwabcinsa, kuma cike yake da miliyoyin 'yan jakunkunan iska. Tsakanin jaka da jaka akwai 'yan ƙofofi. Idan ƙwayar ta sauka a wuri ɗaya, jiki sai ya turo ruwa, ruwan kuma ya ɗauke ta yana tsiyaya daga jaka zuwa jaka ta waɗannan ƙofofi, har sai ya ci karo da tantanin iyaka ya tsaya. Dalilin da ya sa likita ya nuna muku ƙasan dama fari fat, sama kuma baƙi lafiya, ke nan. A hoton ƙirji iska baƙa take fitowa, wurin da ya cika ya yi fari.

Wani likitan Faransa, René Laennec, wanda ya ƙirƙiro abin sauraren ƙirji a 1816, yana cikin na farkon da suka bayyana matakan da huhu ke bi a wannan ciwo, kuma har yau a matakai huɗu ake koyar da shi. Kwana ɗaya zuwa biyu na farko, sashen yakan cika da jini da ruwa, ya yi nauyi, ƙwayoyin cutar na ta hayayyafa. A daren rawar ɗarin nan ke nan, lokacin da kuka ce maleriya ce, kuma ba ku kaɗai kuka taɓa yin wannan kuskure ba. Daga nan jakunkunan su cushe da jajayen ƙwayoyin jini da farare da zaren nan mai daskarar da jini, iska ta rasa wurin shiga, soson nan ya koma curi ja. Sunan da likitoci suka ba wannan mataki ma'anarsa komawa jar hanta, domin da za a yanko wurin a jefa a ruwa, nutsewa zai yi. Kakin mai launin tsatsa jinin nan ne da ya fara lalacewa. Sukar wuƙar kuwa ba daga tsokar huhu take ba, ita ba ta jin zafi. Tantanin da ya lulluɓe huhun ne ya kumbura yake gogar na jikin haƙarƙari duk jan numfashi. Wajen kwana na huɗu zuwa na takwas jan ya kan kwanta, jajayen ƙwayoyin su farfashe, wurin ya koma ruwan toka, har yanzu da tauri. Sai mataki na ƙarshe, narkewa: jiki ya saki sinadaran da ke narkar da curin, wasu manyan ƙwayoyi masu aikin shara su haɗiye tarkacen, saura kuma a tofar da shi ta tari. Magani yakan gajarta wannan tafiya ya kashe ƙwayar, amma sharar ba ta da gajeriyar hanya.

Ke 'yar Legas ce, kin san ɗakin da ambaliya ta shiga. Ruwan sama ya ɗauke, rana ta fito, amma laka na nan a ƙarƙashin gado, katifa a jiƙe. Saukar zazzaɓi ɗaukewar ruwan ne kawai. Daɗin abin shi ne bangon ɗakin bai faɗi ba: a wannan nau'in nimoniya, bangon jakunkunan yawanci ba ya rushewa, cika kawai suka yi, don haka idan an ƙarasa magani huhu kan koma yadda yake, ya sake zama soso. Amsar tambayarki ta biyu ke nan, in sha Allahu. Sai dai ki shirya wa jinkiri. Ciwon ƙirji da kaki kan ɗauki wajen sati huɗu kafin su ragu sosai, tari da haki wajen sati shida, kasala kuwa tana iya kai wata uku. Farin da ke hoton ma yakan yi makonni kafin ya washe, shi ya sa ake so mai shan taba ya sake hoton ƙirji bayan sati shida, a tabbatar ya tafi kuma ba wani abu ne ya ɓuya a bayansa ba.

Inda ake samun matsala shi ne a yanke magani ƙwayar ba ta gama mutuwa ba. Tana iya tara ruwa ko mugunya tsakanin huhu da haƙarƙari, har sai an sa roba an zuƙe. Tana iya faɗawa jini, tana iya hawa kai ta zama sanƙarau. Don haka idan zazzaɓi ya dawo, ko numfashinsa ya kai 30 a minti yana zaune, ko leɓɓansa suka canza launi, ko ya fara sambatu, ko wuyansa ya sanƙare, ko cikin dare ne ku nemi mota. Idan kun koma kuma, ki sa ya tambaya ko an auna masa suga da cutar ƙanjamau. Kada ranki ya ɓaci, ba zargi ba ne, gwaji ne da ake yi wa babban mutumin da nimoniya ta kayar, domin su biyun suna raunana garkuwar jiki a ɓoye, kuma mai ciwon suga yakan gamu da wata ƙwayar daban, kilebsiyela, da ke buƙatar nata maganin. In tarin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ga rama, ga gumin dare, a gwada kakin don tarin tibi. Gwajinsa da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.

Mu dawo kan Hajiya, don na san ita ce ta hana ki barci. Abin da ta yi miki a gaban ƙannen mijinki ba daidai ba ne, kuma ba zan ce ki ɗauka kamar ba a yi ba. Amma ki dube ta daga inda take tsaye. An bugo mata waya an ce ɗanta na kwance a Ikko ana ƙara masa ruwa, ta shiga mota ta kwana tana hanya da tasbihi a hannu, ta iso ta tarar da shi ya faɗa, a garin da ba ta jin yarensa, da wata cuta da aka bayyana da Turanci. Tsoro ne ya cika ta, shi kuma tsoro yana neman abin da zai nuna da yatsa. Ƙwayar cuta ba a ganinta, firji kuwa ga shi a tsakar ɗaki. Idan kika tsaya musu da ita kan ruwan sanyi, ko kin fi ta gaskiya sau goma, ke za ki faɗi, kuma maganin ne zai ci gaba da kwana a leda.

Wanda ya kamata ya yi magana shi ne ɗanta. Ki same shi ku kaɗai, ba da kuka ko ƙorafi ba, ki ba shi bayanin huhu da hantar nan, ki ce masa abin da yake yanka kullum ne ke cikin ƙirjinsa yanzu. Sannan ki roƙe shi abu biyu: ya ce wa Hajiya da bakinsa zai ƙarasa maganinsa, kuma ya ce mata likita ya ce ba ruwan sha ba ne. Ku tafi asibitin tare da ita, a nemi ma'aikacin jinya ko wani mai jin Hausa ya fassara, a ɗaga mata hoton ta ga farin da idonta. Tsofaffinmu sukan karɓi magana daga bakin likita wadda ba za su taɓa karɓa daga bakin suruka ba. In hakan ya faskara, akwai ƙanin mahaifinsa ko wani dattijo a unguwa, ko limamin masallacinku, wanda take jin nauyinsa.

Kuma ki ba ta aiki, kada ta zama baƙuwa a jinyar ɗanta. Ki ce, Hajiya, ke kika san abin da ke tayar da shi tun yana yaro. Ta dama masa kunu mai ɗumi, ta haɗa shayin citta da kanumfari da zuma, a yi farfesu, ta yi masa tofi. Duk waɗannan ba sa faɗa da magani, ruwa mai ɗumi ma yana sassauta majina. Har ruwan firjin, me zai ci miki in kin ajiye masa na fulas muddin tana nan? Abin da ba za a sassauta ba shi ne ƙwayoyin, da jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba, da ƙaho. Ba na raina ƙaho, amma jinin fata yake ja, kuma tsakanin fata da huhu akwai tsoka da ƙashi da tantani, mahauci ya san nisan. Mutumin da bai gama farfaɗowa ba ba ya buƙatar sabon rauni, balle da askar da ta taɓa wani. Tafiya Arewa kuma ba a ce a'a ba, a ce sai bayan hoton sati shida. Yini da kwana a kujerar mota, nesa da likitan da ya san fayil ɗinsa, ba na mai rabin numfashi ba ne.

Maganar taba kuwa, ƙanwata, ki riƙe bakinki a gaban Hajiya. Na fahimci abin da ke tunzura ki, an ɗora miki laifin da kin san inda wani ɓangarensa yake. Amma ki auna ribar. Hajiya ba lallai ta yarda ba, in ma ta yarda za ta ce me ya hana ki faɗa tun tuni, shi kuma ba zai manta cewa ranar da yake kwance kika tona shi ba. Wanda dole ya sani likita ne, kuma gara mijin ya faɗa da kansa. Ke kuma ga dama ta zo miki da ba ta zuwa kullum: yau sama da sati ɗaya, ina kyautata zato, bai kunna ko kara ɗaya ba, kuma ya ɗanɗani yadda neman numfashi yake. Ki ce masa asirinsa a rufe yake a wurinki, amma kina so kwanakin nan su zama mafarin rabuwa da ita. Gasun nan masu shara sukan fara farfaɗowa idan aka daina.

Batun Litinin, kada ki yi masa kallon mai taurin kai kawai. Mai cin abinci daga cinikin yini, kwanciya ma wani ciwon ne, ga kuɗin asibiti, ga haya. Amma aikin kwata ba zaman ofis ba ne: fitar asuba, jiƙa, ɗaukar cinyar saniya a kafaɗa, hayaƙin babbaka. A bar likita ya sa ranar. Kafin nan yaransa ko abokin sana'a su riƙe masa teburi a raba riba, ya yi ta bin kwastomominsa ta waya, in yana adashi a nemi a ba shi ɗauka ta gaba. Idan ya fara komawa, ya fara da rabin yini a zaune, lissafi da karɓar kuɗi, nesa da wutar babbaka.

Jaririnki fa. Ƙwayar tana bin feshin tari da atishawa, amma bayan kwanakin da ya yi yana karɓar magani haɗarin ya ragu sosai, wani dalilin ke nan na kada a yanke shi. Ɗauko katin rigakafin yaron ki duba. Tun ƙarshen 2014 Najeriya ta fara sa allurar nimokokus cikin rigakafin yara, ana yi a sati 6 da 10 da 14, kyauta a asibitin sha-ka-tafi. Mai wata huɗu ya kamata a ce ya karɓi ukun, in akwai gurbi a katin ki kai shi a cike, ki duba na yayyensa ma. Ba na wasa da wannan, domin ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna nimoniya ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 740,000 a 2019 kaɗai. Ki ci gaba da ba shi nono zalla, kuma zumar Hajiya ta tsaya kan ɗanta, ba a ba yaron da bai shekara ba zuma. Maigida ya riƙa tofar da kaki a abu mai murfi, ya wanke hannu kafin ya ɗauki yaro. A buɗe taga ko da Hajiya za ta yi tsaki, a matsar da janareto daga bakinta, turaren wuta da maganin sauro mai hayaƙi su huta wata ɗaya. Ita kanta Hajiya, in ta haura 65, ta fi ki kusa da wannan ciwo, don haka in kika ji ta fara tari da zazzaɓi kada ki bari a ce gajiyar hanya ce.

Daren yau, idan yaron ya yi barci, ki ɗaga rigarsa ki kalli cikinsa da agogon wayarki, ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cif don ki san yadda yake in yana lafiya. A shekarunsa, duk ranar da kika ƙirga 50 ko fiye yana kwance shiru, ko kika ga ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki in ya ja iska, ko ya ƙi kama nono, ki goya shi sai asibiti. Ki sake rubuto mini bayan hoton sati shida, ina so in ji yadda kuka ƙare da Hajiya.